Motata tana baƙin hayaƙi a hawan Mambila, me zan yi?

Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah masana injin gas ku taimaka min, abin nan ya ishe ni wallahi. Tsohuwar Canter ce da ni mara tabo (turbo, na'urar da ke ƙara tura iska cikin inji), ina ɗaukar lodin siminti daga Jalingo zuwa Gembu. A ƙasa lafiya lau take tafiya, amma da zarar na wuce Mayo Selbe na fara hawan dutsen nan sai salansa ta dinga aman baƙin hayaƙi, ƙarfi ya ragu, ko na dawo giya ɗaya na take totur haka take nishi, jiya har wani ɗan acaɓa da ke bayana sai da ya tsaya yana goge ido, ni kaina na ji kunya.

Na canza filtar iska, an wanke nozul (bakin da ke fesa gas cikin inji), na canza gidan mai ma, duk a banza. Bakanikena yace can sama ya haura mita 1,500, iska ta yi ƙaranci shi yasa gas ɗin baya ƙonewa duka, wai a rage mai daga injekta famfo, wato famfon da ke tura gas zuwa nozul. To in an rage, za ta iya hawa da lodi kuwa? Ko sa tabo ne mafita, kuma tsohon inji zai jure?