Me ya sa giyar alkama irin ta Beljiyam take da hazo da ƙamshin lemo?

Bulus: Barkanmu da war haka. Na ɗanɗana giyar alkama irin ta Beljiyam daga wata ƙaramar masana'anta, sai na ga launinta fari-fari mai hazo, kumfarta na da kauri, kuma ƙamshin lemo ya rinjayi ɗacin da aka san giya da shi. Haka ake yin ta, ko kuwa tawa ta lalace ne?

Ladi: Ɗan'uwa, ba ta lalace ba. Ana kiran ta witbier, kuma da gangan ake barin ta ba a tace ba, shi ya sa yis da sinadarin alkama suke yawo a cikinta. Ana haɗa ɗanyar alkama da tsiron sha'ir, sannan a zuba busasshen ɓawon lemo da 'ya'yan koriyanda, wani kayan ƙamshi na girki, lokacin dahuwa. Idan ka rage kaɗan a kwalba, ka juya ta a hankali kafin ka ƙarasa zubawa, domin abin da ya kwanta a ƙasa ya taso.

Dauda: Malam Bulus, ƙari a kan bayanin Ladi, wannan nau'in ya kusa ɓacewa bayan da masana'anta ta ƙarshe a garin Hoegaarden na Beljiyam ta rufe a 1957, har sai da Pierre Celis, wani mai sayar da madara, ya farfaɗo da shi a 1966. A ganina ƙananan masana'antu sukan cika koriyanda har ya danne ɗanɗanon alkamar.

Bulus: Na gode muku. Tawa dai lemon ne ya fi fitowa.