Ina za mu samo malamin kurame a Gombe?

Hajiya Rabi: Salamu alaikum 'yan uwa. Zangon nan an kawo mana yara uku kurame, duk aji ɗaya, kuma babu mai iya maganar hannu a malamaina. In ɗauki mataimakiya ne ko cikakken malami? A ina ake samu?

Malam Isa: Wa alaikumus salam. Hajiya, nemi wanda ya yi NCE a kwalejin horar da malaman masu buƙata ta musamman da ke Oyo. Ko masu digiri na Jos ko Bayero, duk suna da sashen.

Maman Sadiq: Hajiya, don Allah kada ki fara da mataimakiya. Ni na ɗanɗana. Makarantar da na fara kai Sadiq, cewa suka yi sun ɗauko masa mai kula, har aka ƙara mana kuɗin makaranta. Ashe yarinya ce da ta gama sakandare, ko alamar "zo" da "zauna" ba ta sani ba. Cikin wata biyu ta koma mai shara da sayo wa malamai abinci. Shi kuma aka ajiye shi can bayan aji, inda ko bakin malama ba ya gani. Shekara biyu, yaro bai iya rubuta sunansa ba, ya dawo gida yana ta duka da jifa. Ni ina cewa taurin kai ne, ashe takaici ne. Wallahi har yau in na tuna dukan da na yi masa sai na yi kuka. Sai da muka samu malami kurma, shi ya buɗe masa kai cikin zango ɗaya. In za ki gwada mai neman aikin, ki zaunar da shi da kurma babba su yi hira minti 10 a gabanki. Nan take za ki gane, takarda ba ta nuna wannan.

Anti Binta: Allah sarki. Allah Ya raya Sadiq.

Baban Ummi: Amma wace maganar hannun? Ta gida da yaran suka taso da ita daban, ta makaranta kuma daga ta Amurka aka ɗauko ta.

Malam Isa: Shi ya sa malami kurma ya fi, yawancinsu duka biyun suna ji.

Ɗanjuma: "Suna ji" Malam? 😄

Malam Isa: Kai Ɗanjuma, ka gane nufina.

Baban Ummi: Ni abin da ke ci min rai, tun Janairun 2019 Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci. Gindiri ma tun 1953 suke da makarantar makafi, mu har yanzu muna neman malami ɗaya a zaure.

Anti Binta: A daina cewa naƙasassu don Allah.

Baban Ummi: To Anti, haka aka saba faɗa a rediyo.

Anti Binta: Ɗiyata ba naƙasasshiya ba ce, makauniya ce, kuma tana karatu da birel.

Hajiya Rabi: Ku yi haƙuri mu dawo kan magana. Maman Sadiq, malamin nan naku yana gari?

Maman Sadiq: Ya koma Kumo, amma ƙaninsa ma kurma ne, ya gama NCE. Zan tambaya miki gobe in sha Allah. Sai dai ki biya shi daidai da sauran malamai.