Wanda ya taɓa hawa Himalaya ko wani tudu mai tsayi ya zo ya ba mu labari

Daga Idumota: Salam jama'a, ƙanina ne ya samu makaranta a Shimla, arewacin Indiya, an ce garin a jikin duwatsun Himalaya yake wajen mita 2,200 sama da teku, yaron nan kuma a Legas aka haife shi bai san wani tudu ba sai gadar sama. Me zai tarar?

Daga Agege: Alhaji, Shimla da sauƙi. Lokacin da nake karatu a can mun hau jirgi daga Delhi zuwa Leh, wani gari can a ƙuryar arewacin Indiya, mita 3,500, wallahi ina sauka kaina ya fara sarawa, benen masauki hawa ɗaya sai da na tsaya ina haki, da daddare kuma barci ya ƙi zuwa. Mai masaukin ya ce mu kwanta kwana biyu mu yi ta shan ruwa kar mu je ko'ina. Wake kuwa ka manta, ruwa yana tafasa tun bai yi zafi sosai ba, sai da tukunyar furesha. Abin da ya fi ba ni mamaki wurin busasshe ne ƙayau kamar Agadas, duwatsun sun tare ruwan damina daga kudu, kogin Indus ne kawai ke ratsawa, sai ɗan kore a bakinsa.

Daga Alaba Rago: Ni Mambila na sani, ina ɗauko shanu daga Gembu. Daga Mayo Selbe ka fara hawa kunnenka zai toshe, mota tana kuka a giya ɗaya, da asuba ruwan alwala sai ka yi shahada.

Daga Agege: Baba ai Chappal Waddi da ya fi ko'ina tsayi a Najeriya mita 2,419 ne, Everest 8,849, ka ninka uku ma bai kai ba.

Daga Mile 12: Nawa a Addis Ababa ne kan hanyar Guangzhou, aka kwanar da mu otal, na ɗauka hawan jinina ne ya tashi har na sha magani, ashe garin ne ya haura mita 2,300. Alhaji a saya masa rigar sanyi mai kauri, Shimla ƙanƙara na sauka a Janairu.

Daga Idumota: Na gode Hajiya, gobe in Allah ya kai mu zan leƙa gwanjon Katangowa.