Fentin mai ya ƙi bushewa, don Allah ku taimaka

Sabon shiga:
Salam 'yan uwa, na daɗe ina zane da fensir, yanzu na koma fentin mai amma abin ya ƙi bushewa, in na taɓa sai ya kama min yatsa. Ko jabu aka sayar min ne?

Ɗan Samaru:
Wslm malam, ba jabu ba ne, haka halinsa yake. Man linsid, wato man da ake haɗa fentin da shi, shi ne ke shan iska a hankali kafin ya ƙame, wata kalar kwana 2 wata har sati, fari akwai jinkirin bushewa sosai, ruwan ƙasa kuwa nan da nan. Fentin da za ka fara shafawa ka tsinka shi da tafentain (ruwan tsinka fenti) ya yi ruwa-ruwa, na sama kake ƙara wa mai, in ka juya tsarin wallahi tsattsagewa zai yi daga baya.

Anti mai zane:
Ƙanina ka shafa wa ƙyallen geso kuwa, wato farin shafen da ake yi kafin a fara zane? In babu, mai zai cinye zaren. Kuma da hunturu ka jingine zanen fuskarsa na kallon bango saboda ƙura.

Ɗan Samaru:
Gaskiya ne Anti. Burushi kuma kananzir ma na wanke shi, sai ka bi da sabulu, amma buɗe taga fa.