Kuɗin ba su isa biyu ba: bindigar feshi ko Alpha Jet mai 1/48?

Ɗan Mando: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara guda ke nan da na fara haɗa samfurin jiragen yaƙi na roba, duk masu 1/72 (wato an rage girman jirgin gaske sau 72), kuma da buroshi nake musu fenti. Na fara da Spitfire na kamfanin Airfix, na yi MiG-21, yanzu L-39 ke kan tebur. Mahaifina tsohon makanikin sojan sama ne, ya yi aiki a kan Alpha Jet tun da aka kawo su a farkon shekarun 1980, ina so in haɗa masa ɗaya mai tambarin kore-fari-kore. Na tara N150,000. Ko dai in sayi na kamfanin Kinetic mai 1/48, wanda tsawonsa zai kai santimita 27, in ci gaba da buroshi, ko in sayi bindigar feshi da ɗan kwamfuresa in yi ƙaramin na kamfanin Revell mai 1/72, mai santimita 18. A lura: ɗaki ɗaya gare ni, wuta ba ta zama a layinmu, ga hunturu ya kawo kai. Wanda ya taɓa shiga wannan hali ya ba ni shawara. Sannan ina zan samu lambobin ruwa na sojan saman Najeriya, wato tambarin da ake jiƙawa a manna a jikin samfuri?

Sadiq_F7: Wa alaikas salam. Sayi bindiga kawai. Ka rufe ƙofar ɗakin aikinka, ka kunna kwamfuresa da daddare, shi ke nan.

Ɗan Mando: Yallaɓai, ɗakin aikin shi ne ɗakin kwana, wutar kuma ita ce babu.

Abu Hanif: Me ya sa ba za ka yi Super Tucano ba? Kamfanin HobbyBoss na da shi a 1/48, kuma shi ake yayi tun da aka kawo su sansanin sojan sama na Kainji a 2021.

Baba Injiniya: Ɗana, kafin ka yi zancen buroshi ko bindiga, ka tambayi kanka wa zai kawo maka kayan. Ni dai ga abin da na gani. Bara na yi odar MiG-21MF na kamfanin Eduard mai 1/48, irin wanda sojan samanmu suka yi amfani da shi tun shekarun 1970. Na haɗa da fenti da gam ɗin Tamiya mai ruwa-ruwa, na biya wani ejan da ke yi wa mutane jigila. Sai da kuɗi suka shiga hannunsa sannan ya ce fenti da gam ba sa hawa jirgin sama saboda suna kama wuta, sai dai ta ruwa. Na ce to a raba kayan. Ya ce rabawa kuɗi ne. Na biya. Kwalin ya iso Legas, aka ɗora shi a motar haya, aka danne shi da wani kaya mai nauyi, ya sha rana a hanya. Da na buɗe, fiffike ɗaya ya lanƙwashe, gilashin da ke rufe matuƙi ya tsage gida biyu. Duk wanda ya san harkar ya san ana iya miƙe fiffike da ruwan zafi, amma gilashi in ya tsage ba gam ɗin da zai ɓoye shi. Fentin kuwa har yau ban sa shi a ido ba. Na kira, na tura saƙo, ƙarshe ya daina ɗagawa. Ba kuɗin ne suka fi ci mini rai ba. Jikana na yi wa alkawarin za mu haɗa tare lokacin hutu, yaron ya zo ya koma ba mu taɓa komai ba.

Ummu Safiyya: Allah Ya mayar da alheri, Baba. Nawa ya karɓa a kan kilo?

Baba Injiniya: Ai ba da kilo ya yi mini ba, 'yata. Cewa ya yi kwalin ba nauyi amma ya ci wuri, don haka da girmansa za a yi lissafi.

Sadiq_F7: An cuce ka, Baba. Ni bindiga da kwamfuresa duka N45,000 na kawo su har gida.

Mai Fentin Panteka: N45,000? Wannan ai na masu kwalliyar kek ne, ba shi da tanki, iskar tana fita tana tsalle, fenti ya riƙa tofi. Mai tanki na gaske na tambaya kwanan nan, an ce mini N130,000, ban da bindigar.

Abu Hanif: Ni N80,000 na saya a hannun wani a Kano, na hannu ne amma lafiyarsa lau.

Sadiq_F7: Malam mai fenti, da girmamawa, kai mota kake fesawa. Jirgi nawa ka taɓa haɗawa?

Mai Fentin Panteka: Ko ɗaya. Amma tun kafin ka san roba nake riƙe da bindiga, kuma ƙurar hunturu ba ta san mota ba, ba ta san jirgi ba. In ka fesa da rana iska na kaɗawa, fentin zai bushe tun bai sauka ba, jikin ya yi kaushi kamar samfefa. Mu da asuba muke feshi, mu yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta, mu rufe aikin. Ɗan Mando, ka nemi babbar roba mai murfi ka kife a kan jirgin da zarar ka gama.

Ummu Safiyya: Maganarsa ta ƙura gaskiya ce, amma don Allah kada wani ya ɗauki tina ta mota, ruwan nan na tsarma fenti, ya kai kusa da samfuri. Ƙanena ya gwada, robar ta narke a hannunsa. Haka sufa gulu: ya taɓa gilashi, sai ya yi fari fat. Ni da buroshi nake yin nawa, fentin ruwa, in tsarma shi sosai, in yi shafi siriri sau uku maimakon mai kauri sau ɗaya. Ɗan Mando, feshi a ɗakin da kake kwana ba abin yi ba ne, ƙirjinka ya fi jirgi. Kuma idon tsoho ya fi son babban abu. A 1/48 zai ga kujerun matuƙa biyu, ya ga ƙafafu, ya nuna maka wuraren da ya riƙa kwancewa.

Sadiq_F7: Hajiya, fentin ɓad-da-kama na soja da buroshi? Iyakar launi da launi za ta fito da tudu.

Ummu Safiyya: Ka sa salatif na takarda, ka ja buroshi daga kan salatif zuwa ciki. Zo ka ga nawa.

Gwanin Kara: Ku dai kuna ta wahala. Mu da muka yi jirgin kara da gwangwanin madara, ba ejan, ba kwamfuresa, kuma namu har gudu yake in an ja zare.

Abu Hanif: Naka ai akuya ce ta harbo shi, Gwani.

Ɗan Mando: Na gode duka. Amma har yanzu ba wanda ya ce mini inda zan samu lambobin ruwa na sojan saman Najeriya in ba su zo a kwalin ba.

Baba Injiniya: In ka samu ma, wa zai kawo? Takarda ce da ba ta kai nauyin wasiƙa ba, amma ka ji abin da za a ce ka biya.

Abu Hanif: Wallahi. Ni an taɓa cajina kuɗin rabin kilo a kan buroshi biyu, wai shi ne mafi ƙarancin awo. Da na yi magana aka ce in ban so in bar musu.

Mai Fentin Panteka: Ba ku kaɗai ba ne. Bakin bindigata na jira tun kafin azumi, kullum sai a ce kwantena na kan ruwa.

Ummu Safiyya: To me zai hana mu haɗa oda wuri ɗaya, mu raba kuɗin jigila? Fenti da gam su biyo ruwa, kwalaye a sa su cikin katan mai ƙarfi.

Baba Injiniya: Shawara ce mai kyau, 'yata. Amma kuɗin a hannun wa za a tara, kuma in katan ɗin ya iso a murƙushe, wa zai biya wa?

Sadiq_F7: Ni ina da ejan mai amana, in turo lambarsa?

Baba Injiniya: Nawa ma da haka aka haɗa ni da shi.