Sinadarin hana shigar ruwa a filastar bangon waje

Mai gini a Rigasa: Assalamu alaikum. Bangon gidana na gabas, wanda ruwan Agusta ke duka, yana jiƙewa har fentin cikin ɗaki ya kumbura. Shin zuba sinadarin hana shigar ruwa a cikin kwaɓin sabuwar filasta zai magance matsalar?

Birkila daga Kawo: Wa alaikumus salam, Alhaji. Yana taimakawa ƙwarai, muddin kwaɓin ya yi kyau: awo 1 na siminti, awo 4 na yashi mai tsabta wanda babu laka a cikinsa. Idan sinadarin na ruwa ne, a dama shi a ruwan kwaɓin tukuna, kuma kada a wuce ma'aunin da ke jikin galan, domin yawansa yana iya raunana filastar. Ba ya toshe tsaga, saboda haka a riƙa yayyafa wa bangon ruwa na tsawon mako guda, musamman da hunturu, don kada filastar ta tsage.

Injiniya daga Barnawa: Alhaji, a duba inda danshin yake farawa. Idan daga ƙasa yake hawowa, matsalar harsashi ce da rashin ledar tare danshi, kuma filasta ba za ta raba ku da ita ba.