Musayar baiti: ɗan shekara 16 ya ce zai bar gida

Mai Tambaya:
Malam, ga yaro ɗan shekara 16, iyaye sun rabu,
Yana hannun uwa, ya ce zai koma gun uba, zama babu.
Uwa ta ce riƙo nata ne. Wa ke da hujja a cikinsu?

Malamin Zaure:
A mazhabar Maliku riƙon ɗa namiji na uwa,
Ranar da ya balaga igiyar ke tsinkewa.
Mafarki ko gashin mara ke nunawa,
In babu, sai shekara 18 ta cika, ba ragewa.
Baligi mai hankali shi ke zaɓen gida, ba tilastawa,
Amma tarbiyya da karatu, uba ke kulawa.

Gwaggo:
Malam, ka yi ta namiji, ka manta da mace,
Riƙonta sai ta tare, ɗaurin aure bai sa ya kwance.
Uwa in ta auri bare, haƙƙin ya suɓuce,
Ba hannun uba zai faɗa ba, kakar wajen uwa ce,
Da sharaɗin ba gida ɗaya take da uwar ba, in an bi a tsanake a tantance.
Bayan kaka sai 'yar'uwar uwa, uba na can baya a jere,
(Na karya amsa-amo, ku yi haƙuri, gaskiya ce.)
Mai haƙƙin riƙo da ya san auren uwar ya yi shiru shekara ta wuce,
In ya kai ƙara daga baya, ta lalace.

Magatakarda:
Gwaggo, ga ɓangaren boko, a haɗa a auna:
Dokar haƙƙin yara ta 2003 ta tarayyar Najeriya ta nuna
Ƙasa da 18 yaro ne, maslaharsa ake dubawa a zauna.
A fara da dangi da mai unguwa, sulhu a tattauna,
In ya ƙi, sai Hisba, sai kotu, da shaidu masu amana.
Alƙali kan nemi yaron ya ce: duka ne, yunwa, ko ɗokin gari ke damuna.
Maƙwabcin da ya ɓoye shi, zargin satar yaro zai sha da rana.

Malamin Zaure:
Inda ake ɓata lamarin, uba ya janye ciyarwa,
Wai yunwa ta koro ɗan gidansa, ba hujja ba ce ta karɓewa.
Ci, sutura da magani na kan uba, ko ina ɗan ke kwana da tashiwa,
Na namiji har ya balaga da ikon nema, na mace har tarewa.